Shayi da sinadarin fulor: laccar da aka gabatar wa matasan fada (majalisar hira da shan shayi) a Tawa

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, malamai, ƙannena ƴan fada, sannunku da zuwa. An ce in yi magana kan saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai shayin Sin da muke dafawa yana ɗauke da guba mai suna fulor, mai lalata haƙora da ƙashi. To, saƙon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ya kama reshe ya bar tushe.

Fulor ɗin nan ba a masana'anta ake zuba shi cikin ganye ba. Yana cikin ƙasa da duwatsu da ruwa tun asali. Itacen shayi kuwa yana da wata ɗabi'a da yawancin tsirrai ba su da ita: yana zuƙo fulor daga ƙasa ya tara shi cikin ganyensa, kuma gwargwadon tsufan ganye gwargwadon abin da ya tara. Toho na sama kaɗan ne a cikinsa. Tsohon ganye na ƙasa, da kara, da gari, su ne masu yawa, kuma su ake zubawa a shayi mai araha. In ka buɗe kwali, zuba kaɗan a tafin hannunka ka duba. Wani za ka ga ganye a murɗe tsaf, kore mai duhu, yana ɗan ƙyalli. Wani kuwa rabi ƴan itatuwa ne, sauran ƙura da ke manne maka a yatsa. Na biyun ya fi ɗaukar fulor.

Kada ku ɗauka abin mugu ne ko ta yaya. Shi ne ake sa wa man goge haƙori don ya hana ruɓewa. A Amurka ma, tun 1945 birnin Grand Rapids ya fara ƙara shi da gangan cikin ruwan pampo. Magana dai ta yawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ruwan sha ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya. Masana abinci na Amurka kuma sun sa iyakar babban mutum a miligiram 10 a rana, daga duk abin da ya ci ya sha.

Yanzu mu yi lissafi tare. Shayin da aka jiƙa yakan ba da kamar miligiram 1 zuwa 4 a lita. Namu na fada ya fi wannan ƙarfi, don muna cika ganye, muna barin buta kan gawayi tana tafasa har ruwan ya ƙone. To mu ninka, mu ce 8. Ɗan kofinmu na gilashi bai wuce mililita 50 ba, kuma rabinsa kumfa ne in mai haɗawa gwani ne. Na farko, na biyu, na uku, a ce mililita 150. Bai kai miligiram ɗaya da rabi ba ke nan. Ko ka zauna fada uku a yini, ba ka kai rabin iyakar ba. Kuma yawancin fulor ɗin a dafuwar farko yake fita, na uku ɗin nan da ake bar wa baƙo sukari ne kawai da kala.

Shin akwai waɗanda shayi ya yi wa illa? Akwai. A yankin Tibet da wasu sassan ƙasar Sin, makiyaya suna shan shayin da ake matse tsofaffin ganye da kara a yi su kamar tubali, suna shan sa kwano-kwano tun safe har dare, manya da yara. Can an sami ciwon ƙashi na fulor sosai. A 2013 kuma likitoci suka ba da labarin wata mata ƴar shekara 47 a jihar Michigan, wadda take jiƙa ƙunshin shayi 100 zuwa 150 a tulu guda kullum, har shekara 17. Ƙasusuwanta suka yi ciwo, haƙoranta suka lalace har aka cire su. Wa ke shan shayi haka a cikinku?

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne ruwan da ke cikin butar. Dattawa a nan sun tuna Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya sha ruwan wata rijiya mai zurfi, wato foraj, wadda fulor ɗinta ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya sau uku, har fiye. Ruwa ne garai-garai, ba wari, ba ɗanɗano, kowa yana murna an huta da jan guga. Sai bayan shekaru aka fara ganin yara da haƙora ja, ƙafafu a gwame ko a banƙare, wasu kai ya yi girma, wasu ba sa iya miƙewa. Ɗaruruwan yara ne, kuma ba shayi suka sha ba. Ku auna da kanku: ruwa mai miligiram 5 a lita, ga zafin watan Afrilu a Adar inda mutum yake shan lita huɗu bai sani ba. Miligiram 20 ke nan, ninki biyu na iyakar babba, balle yaro. Shi ya sa a ƙasa mai zafi irin tamu ko 1.5 ɗin ma bai kamata a sakankance da shi ba.

Ban ce kowane foraj haka yake ba. Rijiya biyu a gari ɗaya suna iya bambanta, ya danganta da dutsen da aka huda. Ido ba ya ganewa, harshe ba ya ganewa, sai awo. Duk unguwar da aka haƙa sabon foraj, ku tambayi takardar awon ruwan, ku ce a nuna muku layin fulor.

Sai yara. Haƙoran dindindin suna ginuwa ne cikin dasashi tun kafin su fito, har wajen shekara takwas. A wannan lokacin ne fulor mai yawa yake barin fari-fari kamar alli, in ya yi tsanani ya koma ruwan ƙasa da ramuka, kuma ba ya goguwa. Babba da haƙoransa suka gama fitowa ba ya kamuwa da wannan tabon. Jan da kuke gani a bakin tsohon ɗan fada, na goro ne da taba da kalar shayi. Saboda haka al'adar nan ta miƙa wa ɗan shekara uku ragowar kofi don a ga yana yamutsa fuska a yi dariya, a bar ta. Mai ciwon ƙoda ma ya rage, don ƙoda ce ke fitar da fulor daga jiki. Amma in haƙori ne damuwarku, ku dubi yawan sukarin da ake juyewa a buta ɗaya. Shi ke kai samari wurin mai cire haƙori.

Wata Hajiya daga baya ta tambaya: in aka tafasa ruwan, ba ya mutuwa?

A'a, Hajiya, ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe. Tafasawa ruwan take ragewa, fulor ɗin yana nan, ya ma ƙara kauri. Tacewa da ƙyalle ko zuba ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta duk ba sa taɓa shi. Akwai matatu na musamman, irin masu gawayin ƙashi, amma abin da ya fi sauƙi ga gida shi ne a sauya wurin ɗibar ruwan sha da na girki, musamman na ƙananan yara, a bar wancan don wanki da wanka. In kin ga jikokinki da yaran maƙwabta duk sabbin haƙoransu suna fitowa da tabo iri ɗaya, ki gaya wa mai unguwa da ma'aikacin lafiya, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai awo.