Kuɗin Wata da Maganar Yaron Nan Namu

Maganar yaron nan namu da ke karatu a nan Finland ce ta hana ni barci, shi ya sa na ture ajanda gefe. Mahaifinsa ya rasu a gida, Allah ya jiƙansa, kuɗin makaranta ya tsaya cak. Kun san tun 2017 Finland take karɓar kuɗin karatu a hannun ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. In karatu ya tsaya, takardar zama ma sai ta fara lilo. Jiya na buɗe littafin kuɗin wata na ƙungiyarmu, wallahi kunya ta kama ni.

Mu da muke zaune a Turku, mu nawa ne muka san Pehr Kalm, masanin tsirrai? A 1716 aka haife shi a Suwidin, iyayensa suna gudun hijirar yaƙi, uban ya rasu yana jariri. Maraya ne. Wani mai hali, Sten Carl Bielke, shi ya ɗauki nauyinsa, ya haɗa shi da Linnaeus, babban malamin ilimin tsirrai na Uppsala. A 1747 sai ga maraya ya zama farfesa a jami'ar garin nan na Turku. Shekara na zagayowa ya sauka Filadelfiya ta Amurka, ya zauna da Benjamin Franklin, ya kai har Kanada, ya rubuta bayanin gangaren ruwan Niagara. A 1751 ya dawo da irin shuke-shuke, ya zuba su nan tsibirin Hirvensalo. Burinsa itacen da tsutsar siliki ke ci ya kama, sanyi ya ce bai yarda ba. Na san wannan takaicin. Zogalen da na shuka a tukunya bakin taga, ganye uku ya fitar, Disamba na shigowa ya langaɓe, na tsaya a kansa ina tuna kwaɗon gidanmu. Shi dai Kalm har yau akwai furen da ake kira Kalmia don sunansa.

To, da Bielke ya ce masa "sai wata mai zuwa" kamar yadda kuke ce wa ma'aji fa? Namu yaron yana share ofisoshi da dare, da safe ya shiga aji ido jawur, kuma bai roƙi kowa ba. Ni nake roƙo a madadinsa.

Rahoton walimar Sallah: an ci, an sha, an biya kuɗin zaure, sauran yana rubuce.

Don Allah, 'yan'uwa, bashin wata da watanni, yau ɗin nan. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi, wanda ba shi da tsaba ya tura ta waya. Alhaji, ka yi haƙuri, da kai za mu fara.