Amsoshin Tambayoyinku: Su Wane Ne Fitattun 'Yan Guyana?

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun yi yawa yau, bari mu shiga kai tsaye.

Wani mai sauraro daga Damagaram yana tambaya ko Guyana ita ce Gini. A'a malam, Guyana tana Kudancin Amurka, babban birninta Georgetown, ta samu 'yanci daga Ingila a 1966. Kuma don Allah a riƙa gyara rubutu, mu biyu muka haɗu kafin muka gane wasiƙarka!

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce, da gaske shugabansu Musulmi ne? Ƙwarai kuwa hajiya, Irfaan Ali ke nan, ya hau mulki a 2020.

Sai wadda ɗalibai da dama suka aiko: wane ne Walter Rodney, kuma yaya ya mutu? Masanin tarihi ne, an haife shi a Georgetown a 1942. Ya koyar a Jami'ar Dar es Salaam ta Tanzaniya, a 1972 kuma ya fitar da littafinsa kan yadda Turai ta durƙusar da Afirka. Ɗalibai ku rubuta, 1972. Ni dai a ganina, ɗalibin tarihin da bai karanta shi ba, da sauransa. Ga malamin tarihi tare da mu. Malam, bismilla.

"To, ai sai mun koma baya. A 1763 bayi sun yi tawaye a yankin Berbice da ke Guyana ta yanzu, jagoransu Kofi, suna ne irin na mutanen Akan na Ghana. Har yau gwarzon ƙasa ne, mutum-mutuminsa yana tsaye a Georgetown. Ka ga jinin gwagwarmaya ya daɗe..."

Malam, a gafarce ni, mutuwar Rodney aka tambaya.

"Af, haka ne. Ranar 13 ga Yuni, 1980, yana zaune cikin mota da ƙaninsa, wata na'urar oba-oba da wani soja ya ba su ta tarwatse a cinyarsa. Bam aka ɗana a ciki. Shekarunsa 38 kacal. A lokacin yana adawa da gwamnatin Guyana ta Forbes Burnham, kuma kwamitin bincike a 2016 ya ce da hannun hukuma."

Ɗalibai kun ji, bam ne a cikin oba-oba, 1980. Abin da ciwo wallahi.

Mai tambaya daga Garwa kan Shridath Ramphal: shi ne sakatare-janar na ƙungiyar ƙasashe renon Ingila daga 1975 zuwa 1990, Emeka Anyaoku na Najeriya ya gaje shi. Injiniya na ɗaga mini hannu, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.