Rantsuwar Rufe Baki: Tsoffin Sojoji da Neman Haƙƙi Kan Gwajin Makamai Masu Guba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyaye, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Ranar 6 ga Mayun 1953, a cibiyar binciken soja ta Porton Down da ke kudancin Ingila, aka shigar da wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Ronald Maddison, sojan sama, cikin wani rufaffen ɗaki. Aka ɗaura masa ƙyalle a hannu, aka ɗiga miligiram 200 na gubar sarin a kai, don a ga nawa zai ratsa tufa ya isa fata. Ko awa ɗaya bai cika ba, rai ya yi halinsa. Aka yi binciken mutuwarsa a asirce, aka ce tsautsayi ne. Sai a 2004, bayan shekara 51, wani sabon zaman bincike ya yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba.

Ku riƙe wannan adadi na shekara 51, domin kusan duk shari'ar da za mu ambata yau haka take jan ƙafa. Tambayar da nake so mu bi ita ce: me ke sa a daɗe haka? Amsar tana cikin takarda. Gwamnatin da ta yi gwajin ita ke riƙe da shaida, kuma ita ce ke cewa tsohon soja ya kawo shaida.

Bari mu fara da abin da aka yi, musamman a Amurka, inda aka fi tona takardu.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji kusan 60,000 aka yi gwajin iskar mustad da danginta a kansu. Yawancinsu ɗigo aka sa musu a hannu. Amma kusan 4,000 sun sha mai tsanani: a sa wa mutum rigar kariya da abin rufe fuska, a kulle shi a ɗakin da aka cika da iskar na kimanin awa guda, gobe ko jibi a sake, har sai fatarsa ta yi ja ta ƙone, a nan ne za a rubuta cewa rigar ta gaza. Mugun halin mustad shi ne ba ta nuna kanta nan take. Mutum zai ji wari kamar na tafarnuwa, ya fito lafiya lau yana raha, sai bayan awa biyu zuwa kwana ɗaya ido ya kumbura ya rufe, bororo ya feso a hammata da matsematsi, wato duk inda gumi ke taruwa. Ta lalata hanyar numfashi, bayan shekaru kuma ta iya jawo sankarar maƙogwaro ko ta huhu. An yi wannan a Edgewood ta jihar Maryland, da Dugway ta Utah, da Bushnell ta Florida, da tsibirin San Jose na Panama.

Daga 1955 zuwa 1975, a Edgewood ɗin dai, sojoji kusan 7,000 aka gwada wa sinadarai sama da 250. Akwai sarin da VX, masu toshe sinadarin da ke sa jijiya ta saki tsoka bayan ta ba ta umarni. Idan ya toshe sai ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, yawu ya yi ta dalala, ƙirji ya kasa buɗewa. Akwai LSD, ƙwaya mai sa mutum gane-gane. Akwai BZ, wadda ke gusar da hankali har kwana uku, mutum ya yi ta hira da wanda babu shi. Da me aka jawo su? Da hutun kwana uku a ƙarshen mako, da sauƙin aiki, da ɗan ƙarin alawus. Ga yaro ɗan shekara 19 da ake shirin turawa Biyetnam, wannan ai romo ne.

Na uku shi ne Shiri na 112, daga 1962 zuwa 1973, wanda ɓangarensa na teku ake kira SHAD. Nan ko tambayar mutane da dama ba a yi ba. Jirgin sama zai bi ta gaban jirgin ruwa ya feso hazo, a auna nawa ya shiga ta bututun iska, da kuma tsawon lokacin da wanke jirgin zai ci. Galibi ƙwayoyin da a lokacin ake ganin ba su da illa aka fesa, irin su Bacillus globigii. Amma a gwajin Shady Grove na 1965, a tekun Pasifik, ƙwayoyin zazzaɓin Q da na tularemiya na gaske aka saki, ga birai a keji a kan ƙananan jiragen ja, ga matuƙa a ciki. Wani sinadarin da aka riƙa wanke jirage da shi, beta-propiolactone, daga baya an sa shi cikin jerin abubuwan da ake zargi da jawo sankara. An tsara gwaji 134, aka gudanar da 50, mutum kusan 6,000 abin ya shafa. Ma'aikatar tsaro ba ta fara sakin bayanai ba sai wajajen 2001.

To, mutum ya tsufa, numfashi ya fara gagara. Me zai hana ya kai ƙara?

Katanga ta farko tana cikin bakinsa. An sa su rantsuwar ba za su faɗa wa kowa ba, har matansu da likitocinsu, tare da barazanar kotun soja. Ku duba yadda wannan ke aiki a ɗakin likita. Dattijo ya zo da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce, “Ka taɓa aiki da wani sinadari?” ya ce a'a. Likita ya rubuta taba sigari a fayil. Bayan shekara talatin, wannan fayil ɗin ne za a buɗe a ce masa, ga shi da bakinka ka ce babu. Sai a 1993 aka ɗage rantsuwar ga waɗanda aka yi wa gwaji kafin 1968, sauran kuma sai da wata takarda ta 2011 ta fayyace matsayinsu.

Katanga ta biyu hukuncin Feres ne na 1950. Wani laftanar, Rudolph Feres, ya mutu a gobarar bariki, matarsa ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce soja ba ya neman diyya daga gwamnati kan raunin da ya samu a cikin sha'anin aikinsa. Shari'ar gobara ce, amma ta zama murfin tukunyar kowa. Sajan James Stanley ya ba da kansa a 1958 don gwajin tufafin kariya, ashe LSD ake ɗura masa. Halinsa ya sauya, aurensa ya mutu. Bai san dalili ba sai 1975, da rundunar soja ta aiko masa wasiƙa tana gayyatarsa binciken bibiya na “waɗanda suka sha LSD”. A 1987 Kotun Ƙoli ta kori ƙararsa, alƙalai biyar da huɗu. Cikin waɗanda suka saɓa akwai masu tunatar da cewa Amurka ce ta hukunta likitocin Nazi a Nuremberg a 1947 kan gwaji ba da yardar mutum ba. Sai da majalisa ta yi masa doka tasa shi kaɗai, kafin a 1996 a ba shi dala dubu 400 da 'yan kai. A ganina wannan hukunci na 1987 shi ne mafi muni a duk tarihin nan, domin ya nuna wa duk mai ƙara daga baya cewa ƙofar kuɗi a rufe take.

Ta uku gobara ce ta zahiri. Ranar 12 ga Yulin 1973 wuta ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji da ke St. Louis, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Babu kwafi. Ko fayil ɗin da ya tsira ma, zuwa Edgewood aikin wucin gadi ne na kamar wata biyu, sau da yawa ba ya fitowa a takardar sallama.

Yanzu ga inda nake so ɗaliban shari'a su buɗe kunne: yadda ake bi duk da haka.

Tun da ƙofar diyya a kotu a rufe take, hanyar da ta rage ita ce fanshon nakasa daga ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, wadda suke kira VA. Tana neman abu uku. Ciwon da likita ya tabbatar yanzu, shaidar abin da ya faru a bakin aiki, da ra'ayin likita mai haɗa biyun. Matakin farko, kafin ma a tara komai, shi ne a shigar da sanarwar niyyar nema, domin tana riƙe wa mutum ranar fara lissafin kuɗi har shekara guda. Sannan a nemi fayil da fom SF-180, a shigar da buƙatar da fom 21-526EZ. Idan fayil ya ƙone, sai a bi ta bayan gida: takardun biyan albashi, rahoton safe na rukunin da mutum yake, littafin da ake rubuta motsin jirgin ruwa kullum, wanda zai nuna jirgi kaza yana wuri kaza ranar gwaji kaza, da rubutacciyar shaidar abokan aiki. Wasiƙar da soja ya aika wa mahaifiyarsa mai ɗauke da hatimin gidan waya na Edgewood ma tana da nauyi.

A abu na uku ne mafi yawa ke faɗuwa. Likita ya rubuta “mai yiwuwa ne gubar ta jawo”, sai a yi watsi da shi, domin wannan zato ne. Abin da doka ke so shi ne likita ya ce yiwuwar ta kai rabi da rabi ko ta fi, ya kuma kawo dalili. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. To amma likita zai tambaya, wane sinadari, kuma nawa? Wanda aka ba ruwa a kofi ba a faɗa masa sunansa ba, ko aka rubuta masa lamba kawai irin EA-3580, me zai ce? Shi ya sa abin da suke kira zaton doka yake da daraja. Ga mustad, idan an yarda duk jikin mutum ya shiga iskar, akwai jerin cututtuka da ba sai ya kawo haɗi ba: ciwon ido mai naci, asma, kumburin hanyar numfashi, sankarar huhu, maƙogwaro da wata ta fata. Ga mutanen Edgewood na bayan yaƙi da na SHAD babu irin wannan jeri na musamman. Binciken lafiya da Cibiyar Likitanci ta ƙasar ta fitar kan SHAD a 2007 da 2016 bai gano bambanci bayyananne tsakaninsu da sauran sojoji ba, ma'aikatar kuwa ta jingina da wannan. Ana duba su a asibiti, amma kuɗi sai kowa ya kafa hujjarsa.

Ko jerin mustad ɗin ma bai yi aiki yadda ake zato ba, domin gardamar ta koma kan shigar mutum ɗakin tun asali. A 2015 gidan rediyon NPR ya gano cewa cikin mutum 4,000 da aka yi alkawarin nema, 610 kawai ma'aikatar ta yi yunƙurin tuntuɓa. Ofishin Sanata Claire McCaskill ya ce an ƙi sama da kashi 90 na buƙatun. Wannan ya haifar da dokar Arla Harrell ta 2017, da sunan wani dattijon Missouri da aka sha ƙin buƙatarsa. Dokar ta juya nauyin: idan mutum ya yi aiki a sansanin da aka lissafa, gwamnati ce za ta nuna bai shiga ba. Gyara ne mai kyau, sai dai ya zo lokacin da masu cin moriyarsa suka haura shekara 90.

Kada a manta da wa'adi. Idan an ƙi buƙata, shekara ɗaya ce ta ɗaukaka ƙara ba tare da an rasa ranar lissafi ba. Bayan hukuncin kwamitin ɗaukaka ƙara, kwana 120 ne na zuwa kotun ɗaukaka ƙarar tsoffin sojoji. Ita kanta wannan kotu sai 1988 aka yi dokar kafa ta.

Lauyoyi sun kuma yi wata dabara. A Janairun 2009 ƙungiyar tsoffin sojojin Biyetnam ta kai hukumar CIA da rundunar soja ƙara a California, ba ta nemi ko sisi ba. Ta ce a sanar da mutane abin da aka ba su, a kwance musu rantsuwa, a yi musu magani. Da haka suka kauce wa Feres. Makaminsu kuwa ƙa'idar rundunar ce da kanta, mai lamba 70-25, wadda ta yi alkawarin kula da lafiyar 'yan gwaji. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce alkawari kaya ne, a 2017 rundunar ta buɗe shirin jinya. Sai kuma Bruce Taylor, wanda aka yi wa gwaji a 1969 amma bai nemi fansho ba sai 2007 saboda rantsuwa. Aka ce kuɗinsa daga 2007 zai fara. A 2023 kotu ta ce wanda gwamnati ta rufe wa baki ba za a ci shi tarar jinkiri ba, lissafi ya koma 1971.

A Birtaniya an fi gajarce zance. A Janairun 2008 ma'aikatar tsaro ta ba tsoffin sojojin Porton Down kusan 360 fam miliyan 3, wato kamar fam 8,300 kowanne, ta ba da haƙuri, amma ba ta amsa laifi ba. Da yawansu sun ce an gaya musu maganin mura ake nema.

Wani ɗan'uwa ya aiko takarda yana tambaya ko abin ya taɓa mu. Ya taɓa. Binciken wani masanin tarihi na Jami'ar Kent da ya fito a 2015 ya nuna cewa a farkon shekarun 1950, zamanin mulkin mallaka, tawagogi huɗu na masanan Birtaniya sun shafe jimillar wata 15 a Obanaghoro, a kudancin Najeriya, suna gwada gubar jijiya a fili don ganin halinta a ƙasa mai zafi da laima. Sojan Ingila yana da lambar aiki, da ɗan majalisa, da ƙungiya, shi ma ya jira rabin ƙarni. Leburan da ya ɗauki kaya a filin nan da manomin da iska ta bi ta gonarsa, wanda zai bi sawunsu sai ya fara daga ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, da ta Ibadan, ya nemi takardun biyan lebura da rahoton jami'in gunduma na waɗannan shekaru.

An kira sallah. Sauran tambayoyin sai mun dawo.