Kawu, Zo Mu Zaga Landan Ba Ko Sisi a Aljihu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Mutanen Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa, da duk mai kallo daga inda yake, ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin titi nake a Peckham, kudancin Landan, unguwar da 'yan Najeriya suka yi wa yawa har daddawa da manja ake samu a kanti.

Bidiyon yau na Kawu ne. Ya aiko mini da saƙon murya ta wayar ƙanina, ya ce gardama ta kaure a teburin mai shayi. Wasu sun ce a Ingila mutum yana fita tun safe, ya hau mota, ya ci abinci, ya yi cefane, ya dawo gida da dare bai taɓa kuɗi da hannunsa ba. Wasu suka ce wannan zuƙi ta malle ce irin ta 'yan birni. To Kawu, Allah ya ƙara girma, yau da kai za mu fita. Ga aljihuna nan, kun gani, na zazzage shi. Makulli ne da waya.

Mu fara da kantin nan. Burodi zan ɗauka da madara. Bari in juya kyamarar ku ga hannuna sosai. Wannan 'yar na'urar da ke gaban mai kanti, kusan irin ta masu POS ce da kuka sani, sai dai ku dubi wannan alamar a samanta, layuka huɗu lanƙwasassu. Duk inda kuka ga alamar nan, ana iya biya ba tare da an zura kati ba. Na ɗora babban yatsana, waya ta buɗe. Na kara bayanta. Kun ji ƙarar? Shi ke nan, an biya. Mai kantin ma bai ɗago kai ba.

Ba tsafi ba ne, kuma ba kuɗi ne a cikin wayar ba. Kuɗin suna banki. Abin da ke cikin wayar katina ne na banki, na shigar da shi cikin manhajar Google Wallet. Masu iPhone kuma Apple Pay suke amfani da ita. A bayan wayar akwai wata siririyar eriya, fasahar ana ce mata NFC, ba ta magana da na'ura sai an matso da su kusa, kamar santimita 4. Shi ya sa wanda ke tsaye a bayana ba zai biya mini ba, ni ma ba zan biya masa ba. Kuma a daidai lokacin karawar, ba wayata ce ke neman sabis ba, na'urar mai kanti ce ke tuntuɓar banki.

Ƙanina, kai da kake sana'ar POS, wannan ɓangaren naka ne. Lambar katina ta gaskiya ba ta shiga na'urar mai kantin nan ba. Wayar tana miƙa wata lamba ce ta daban da ke tsayawa a madadin katin, haɗe da wani mabuɗin sirri da ake yi don wannan cinikin kaɗai. Ko wani ya kwafe shi, ba zai sake sayen ko ashana da shi ba. Katin roba ma ana kara shi haka, amma shi tunda duk wanda ya tsince shi zai iya karawa, sai aka yi masa iyaka: fam 30 ne a da, aka kai 45 lokacin korona a 2020, sannan fam 100 a watan Oktoban 2021. Waya kuwa, tunda sai da yatsanka ko fuskarka take buɗewa, kantuna da yawa suna barin ka wuce wannan iyakar.

Ga motata can ta taho, lamba 12. Bari in ɗan ɗaga ƙafa.

To, mun shiga. Kun ga wancan faifan mai ruwan ɗorawa kusa da direba? Nan na kara, fitila ta yi kore, na wuce. Babu kwandasta, babu yaron mota, babu "Malam ba ni da canji, haɗa da na kusa da kai." Kawu, abin da zai ba ka mamaki: ko da na fito da takardar fam 20 sabuwa dal na miƙa wa direban nan, ba zai karɓa ba. Tun watan Yulin 2014 motocin bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi kwata-kwata. Kafin nan akwai katin Oyster da aka fito da shi a 2003, wanda kake zuba wa kuɗi kamar yadda ake loda kati a waya, kuma har yau yana aiki. A 2025 kuɗin motar fam 1.75 ne, ko tasha ɗaya za ka sauka ko ƙarshen hanya. In ka sauka ka hau wata cikin awa guda, ba a ƙara cire maka komai. In kuma yini ka yi kana hawa da sauka, da zarar kuɗin ya kai iyakar yini, fam 5.25 a 2025, sai a tsaya. Ni dai wannan tsarin ya burge ni, don talaka mai zirga-zirgar neman abinci shi ya fi cin moriyarsa.

Bari in hau sama in samu kujera, akwai maganar da nake so mu yi a tsanake kafin mu kai tashar jirgin ƙasa.

Na daɗe ina tambayar kaina, me ya sa abin nan yake da sauri haka? A ƙofar shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, dubban mutane ne ke tururuwa da safe, kowa ya kara ya wuce cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Yaushe na'ura ta tambayi banki, yaushe banki ya ba da amsa? Ashe ba ta jira. Ƙofar tana duba cewa katin na gaske ne kuma ba ya cikin jerin waɗanda aka hana, sai ta buɗe. Hukumar sufurin birnin, TfL, tana rubuta inda ka shiga da inda ka fita, sai yini ya ƙare ta haɗa lissafi ta cire kuɗinta gaba ɗaya. Idan aka je banki aka tarar asusunka wayam, sai a sa katin cikin jerin hanawa, ƙofa ba za ta sake buɗe maka ba sai ka biya.

Kawu, ai ka gane abin nan. Littafin bashin mai kantin garinmu ne. Ka aiko yaro ya karɓi sukari da safe, omo da rana, ya rubuta, ranar kasuwa ka zo ku yi lissafi. Wanda ya cinye bai biya ba kuma a rufe masa littafi. Bambancin kawai, mai kantinmu ya san gidanka da mahaifinka, su kuwa nan bankinka suka sani. A yarda da kai tukuna, a yi lissafi daga baya. Saurin daga nan yake, ba daga tsadar wayar ba.

Yanzu ku tuna yadda muke yi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. An yi tayi, an ce albarka, an ja an ja, dillali ya shiga tsakani, an sallama rago. Mai saye ya ce taransfa zai yi. Ya danna, ya nuna maka fuskar wayarsa, ya ce ya tafi. Kai kuma igiya tana hannunka, ba za ka sake ta ba sai alat ya shigo. Ka ɗaga 'yar wayarka mai tocila sama, ka matsa gindin bishiya, ka dawo. Rabin awa. Mai saye ya fara huci, motar da zai loda tana shirin tashi kudu. Kuma ba za a ga laifinka ba, don kowa ya san wanda aka yi wa alat na bogi ya yi asarar dabbarsa. Mu a wurinmu sai kuɗi sun tabbata kafin kaya su motsa, domin in abu ya lalace babu wanda zai tsaya maka.

Wannan "babu wanda zai tsaya maka" ita ce ainihin matsalar. Mutum ya je wurin mai POS, a cire kuɗi daga asusunsa, na'ura ta ce bai yi ba. Daga ƙauye sai ya biya kuɗin mota zuwa Gumel, wani ma har Dutse, ya bi layi, ya cika takarda, a ce ya dawo bayan kwanaki. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ka ce masa ya bar kuɗi a waya? Ai gara ya ƙulle su a lalita. Kuma ba mu manta farkon 2023 ba, lokacin canjin takardun naira 200, 500 da 1,000. Mutane da kuɗinsu a banki suka kwana da yunwa, mata masu ƙosai da fura suka kasa ciniki, manoma suka karyar da hatsi ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu. An tura mutane cikin taransfa da ƙarfin tsiya alhali hanyar ba ta ɗauki nauyinsu ba. Amfani ɗaya da aka samu, daga lokacin ne mai shayi da mai nama suka manna lambar asusun OPay ko Moniepoint a jikin teburinsu, kuma ba su cire ba har yau.

Kada wani ya ce abin nan na Turawa ne kawai. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin biya ta hanyar karawa: naira 15,000 a ciniki ɗaya, naira 50,000 a yini, abin da ya haura haka sai ka tabbatar da lambar sirri ko yatsa. A Legas kuma da katin Cowry ake shiga motocin BRT da jirgin ƙasa na cikin gari. Kun ga naira 15,000 ba ta sayen rago, Kawu, don haka cinikinka ba shi aka nufa ba. Na ƙananan abubuwa ne masu tsayayyen farashi: kofin shayi, kuɗin mota daga Gumel zuwa Kano, maganin zazzaɓi a kemis, inda rigimar canji ta fi cin rai. A ganina nan ya kamata a fara, kuma kafin a fara ɗin a gyara maganar mayar wa mutum kuɗinsa in na'ura ta ci.

Ga mu a Elephant and Castle, bari mu sauka.

Kafin in shiga ƙasa sabis ya ɗauke, akwai abubuwan da ba na so game da tsarin nan, kuma sai na faɗa. Kuɗi suna zirarewa ba ka ji. Da hannu kake ƙirgawa, in ka zaro dubu sai ka ji ta a ranka. Nan kuwa ƙit, ƙit, ƙit, sai ƙarshen mako ka buɗe manhajar banki ka yi salati. Sannan babu tayi, babu ragi, babu gyara. Na'ura ba ta san "haba Alhaji, duba dai" ba. Mabarata ma abin ya shafe su, don mai niyyar sadaka sai ya laluba aljihu ya ji ba komai. Masallatai da yawa a nan sun ajiye na'urar karawa a bakin ƙofa, ka zaɓi fam 5 ko 10 ka kara ka wuce. Lada dai na nan in sha Allahu, amma wanda ke zaune a bakin titi cikin sanyin nan ba shi da na'ura.

Sai caji. Wanda wayarsa ta mutu yana tsakiyar tafiya ba shi da abin da zai kara ya fita, kuma in mai duba tikiti ya tare shi tara ce. Shi ya sa kusan kowa ke yawo da abin caji a jaka. A nan kenan, inda wuta ba ta ɗaukewa. Ku auna da garin da sai an kai waya shagon mai janareta ko mai sola an biya an jira. Ƙwacen waya kuma, kada ku ɗauka a Kano kaɗai ake yi. Nan ma samari ne a kan keke mai lantarki, kana tsaye kana latsawa sai dai ka ga hannunka wayam. Sauƙin dai ɓarawon ba shi da yatsanka, kuma kana iya kiran banki a rufe katin nan take.

Ga ƙofofin can, ku kalli yadda mutane ke wucewa. A jirgi sau biyu ake karawa, wurin shiga da wurin fita, ba kamar bas ba, don kuɗin ya danganta da nisan tafiya. Masu shirin zuwa karatu ko aiki, ku riƙe wannan: abin da ka shiga da shi, da shi za ka fita. In ka shiga da waya ka fita da katin roba, ko da asusu ɗaya ne, na'ura mutum biyu take gani, kowanne da tafiyar da ba ta cika ba, sai a caje ka mafi tsadar kuɗi har sau biyu.

Ƙanina, aikinka: shiga saitin wayarka, wurin haɗe-haɗe inda Bluetooth yake, ka duba ko akwai NFC, don ba kowace Tecno ko Infinix ke da shi ba. Ka juya na'urarka ta POS ma ka duba ko tana da layukan nan huɗu. Ka ɗauko hoto ka turo mini. Ka kuma kai wa Kawu wayar har teburin mai shayi bayan Magariba, a kunna da ƙarfi kowa ya ji, wanda ya faɗi gardama shi zai biya kuɗin shayi. A gaida Inna, a ce mata saƙon kuka da kuɓewa ya iso. Jirgi na tahowa, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.