Zumuɗi daban, himma daban

Ka taɓa lura da masallacin unguwarku a daren farko na azumi? Sahu har waje, wasu kan tabarma wasu kan kwali, kowa ya ci alwashin bana sai ya sauke Alƙur'ani, izu biyu kullum. To ka dawo ranar 15 ga wata ka ƙirga sahun. Abin da ya cika masallacin daren farko shi ne zumuɗi, wanda ya tsayar da dattijon nan na sahun gaba har ƙarshen wata kuma himma ce, kuma wallahi yawancinmu mun ɗauka abu ɗaya ne.

Zumuɗi daga waje yake zuwa maka. Sabuwar waya, sabon shago, an sa ranar biki, zuciya na bugawa barci ya ƙi zuwa. Wutar kara ce, ta tashi bal-bal ta haske gida, kafin ka ɗora tukunya ta zama toka. Kuma fa ba laifinka ba ne, haka ƙwaƙwalwa take aiki. Wani masani Bajamushe, Wolfram Schultz, ya yi gwaji da birai a shekarun 1990, yana ɗiga musu ruwan 'ya'yan itace a baki yana auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da dofamin, wani sinadari mai alaƙa da ɗoki da tsammanin samun abu mai daɗi. In ruwan ya zo ba zato sai ƙwayoyin su zabura. Da biri ya saba, ya san yana zuwa, sai zaburar ta daina zuwa lokacin shan, ta koma kan alamar da ke nuna ruwan na tafe. Kenan daɗin yana cikin sabunta da jira, da zarar abu ya zama jiki shi ke nan.

Ita himma garwashin kirya ce, irin gawayin da maƙera ke nema, ba ta da wani harshen wuta na burgewa amma ita ke sa ƙarfe ya yi ja. Aikin kansa kake so. Yarinyar da aka kai koyon ɗinki, wata uku tana warware ɗinkin da ya karkace, allura na karyewa, uwar ɗakinta na faɗa, gobe ta rigaya kowa zuwa shago tana tambaya me ya sa zaren ƙasa ke cukurkuɗewa. Wannan tambayar ita ce alamar, mai zumuɗi hoton keken zai ɗora a Facebook, mai himma so take ta gane yadda keken ke aiki.

Ni ba na raina zumuɗi ko kaɗan, da kara ake hura gawayi ai. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutum in zumuɗinsa ya mutu sai ya ce abin bai karɓe shi ba, ya ajiye, alhali a lokacin ne ma zai san ko yana so. Ka ba shi sati biyu bayan daɗin ya wuce, ranar da ka gaji, babu mai kallo, ka ga ko ƙafarka za ta kai ka wurin.