Ka Gina Duniya Guda, To Ta Ina Za Ka Buɗe Labarin?

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau da marubuta nake, masu ƙirƙirar duniyar kansu. Ka zana taswira, ka jera sarakuna 12, har kuɗin da ake kashewa a kasuwar garin ka raɗa masa suna. Sai ka zo shafin farko, alƙalami ya cije.

Yawancinmu daga tushe muke farowa: wane ya haifi wane, wane ya ci wane da yaƙi. Kafin jarumi ya leƙo, mai karatu ya ajiye wayar.

Ku dubi Tolkien, marubucin nan na Ingila. Ya yi kusan shekara 20 yana tsara tarihin duniyarsa da harsunanta. A 1937, da littafinsa The Hobbit ya karɓu, ya miƙa wa kamfanin ɗab'i wancan tarihin, suka ce su dai ci gaban Hobbit suke so. Da ci gaban, wato The Lord of the Rings, ya fito a 1954, babin farko walima ce a ƙauye, wani dattijo ya cika shekara 111. Tarihin kuwa, The Silmarillion, sai 1977 aka buga shi, shekara 4 bayan rasuwarsa.

Mu dawo gida. A ce labarin Bayajidda za ka mayar littafi. Kana iya tasowa daga Bagadaza, ka ratso Borno, ka tsaya Gaya wurin maƙera. Ni kam, daga ƙofar Ayana, tsohuwar da ya sauka gidanta a Daura, zan fara. Dare ya yi, baƙo ya diro daga doki, ƙura har gira.

"Iya, a taimaka min da ruwa."

"Ɗana, ai a garin nan sai ranar Juma'a ake samun ruwa."

Tsaya nan. Ba ka yi wa kowa lacca kan Daura ba, amma mai karatu ya san akwai abin da ya hana gari guda ɗiban ruwa, ya san an haƙura an zauna da shi, ga kuma mutum mai ƙishirwa da ba zai jira Juma'a ba. Dokar garin ta taka wani, shi kuma zai motsa. Rijiyar Kusugu da macijinta, da ƙafarsa zai kai mu.

To Bagadaza fa? Ba a zubar da ita ba. Adana ta sai gari ya waye, an ga macijin ba kai, Sarauniya Daurama ta sa an kawo baƙon, ta tambaye shi daga ina ya fito.