Awon lafiyar ƙasar noma: Katsina da Maraɗi su yi mudu ɗaya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga wajajen Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, sannan ya sake karkatowa Najeriya ya haɗu da Rima. Jigawar da ke gefensa iri ɗaya ce, gero da wake ake shukawa nan da can, kukan manomi ma ɗaya ne: ƙasa ta gaji. Amma da za a ɗebi ƙasa daga gona guda a raba ta biyu, a kai rabi ɗakin gwaji a Najeriya, rabi a Nijar, babu tabbacin alƙaluman za su zo daidai, ko da kuwa kowane ma'aikaci ya yi aikinsa tsakani da Allah. Kowa da mudun da yake awo da shi.

Abin ya samo asali tun daga yadda ake rarraba ƙasar noma iri-iri. Taswirorin ƙasar noma na Nijar masanan Faransa ne suka zana su bisa tsarinsu, a Najeriya kuwa an fi dogara da tsarin Amurka da na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A cikin ɗakin gwaji lamarin ya fi tsanani. Sinadarin fosfaras, wanda ƙarancinsa ke cikin manyan abubuwan da ke hana gero yin kyau a yankin Sahel, wani da hanyar Bray yake auna shi, wani da ta Olsen, wani da ta Mehlich, kuma kowace hanya adadinta daban take bayarwa. Tsamin ƙasa ma haka: in an jiƙa ta da ruwa zalla a ga adadi ɗaya, in da ruwan wani gishirin ɗakin gwaji aka jiƙa, adadin ya sauka. Wani ya haƙa santimita 20, wani 30, alhali yawancin albarkar ƙasa a sama take. To, ta yaya za a jera waɗannan alƙaluma a ce gonakin Jibiya sun fi na Ɗan Isa da ke Nijar lalacewa?

Wannan ba gardamar malaman jami'a ba ce kawai. A shekarar 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka ce za a kai amfani da takin zamani kilo 50 a kowace hekta. A watan Mayun 2024 suka sake taruwa a Nairobi, suka yi alkawarin farfaɗo da aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar da ta lalace kafin 2034. Madalla. Sai dai idan 2034 ta zo, da me za a tabbatar an cika alkawari, in kowace ƙasa da irin awonta? Kowa zai iya cewa ya yi nasara, ba mai iya ƙaryata shi. Kafin nan kuma manomi yana ta sayen buhun takin NPK 15-15-15 da tsada yana watsawa a fadama da jigawa ba bambanci, don ba wanda ya gaya masa abin da gonarsa ta rasa.

Hanyar gyara tana nan. A 2017 FAO ta kafa GLOSOLAN, haɗakar ɗakunan gwajin ƙasa na duniya, aka buɗe reshenta na Afirka a 2019. Suna rubuta ƙa'idar gwaji guda, sannan su aika wa ɗakuna da yawa samfurin ƙasa iri ɗaya a ga wanda ya kauce. Wannan na biyun shi ya fi burge ni, domin shi ke tona inda sikeli ya karkace. A 2024 kuma an buɗe cibiyar taki da lafiyar ƙasa ta Yammacin Afirka da Sahel a IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan.

Fargabata biyu ce. Nijar ta fice daga ECOWAS a farkon 2025, kuma bai kamata saɓanin siyasa ya hana masanan cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da na takwararta ta Nijar, INRAN, a Yamai musayar samfuri da sakamako ba. Ta biyu, ƙa'ida a takarda ba ta aiki a ɗakin da ba wuta, ba sinadarai, na'ura ta lalace an rasa mai gyara. Kuɗin wannan aiki daga kasafin gwamnatocinmu ya kamata ya fito kowace shekara, domin awon da za a gane ko ƙasa na farfaɗowa sai an koma gona ɗaya bayan shekaru an sake ɗiba, shi kuwa tallafin waje yakan ƙare kafin lokacin.

Sannan duk wanda ya je ɗibar samfuri, ya rubuta sunan da mai gona ke kiran ƙasarsa, jigawa ce, laka ce, ko faƙo, ya haɗa da alƙaluman. Da wannan sunan malamin gona zai koma ya yi masa bayanin takin da ya dace, a Katsina ne ko a Maraɗi.

A huta lafiya.